Noti na Huɗu a Bangon Inna

Ina kan tsani a wani shagon ɗinki a Karaye, ina ɗaura fanka, sai wayata ta yi ƙara a aljihu. Da hantsi ne. Ƙanen Malam Haladu ne ya kira. Bai tsaya doguwar gaisuwa ba, ya ce, "Sabi'u, Yaya ya cika ɗazu. Bayan azahar za a kai shi." Na yi salati, na sauko a hankali, na zauna a kan matakalar ƙarshe. Wannan hantsin bai taɓa fita daga raina ba, kuma ba na jin zai fita. Abin da ya fara faɗo mini ba iyalinsa ba ne, ba kuma shekarun da muka yi tare ba. Wani noti ne guda ɗaya da ba mu ɗaure ba a Gwangwan.

'Yan uwana masu aikin wuta da sola sun ce in rubuta wani abu a kan Malam Haladu, saboda ƙannenmu da suka shigo sana'ar ba su daɗe da shi ba. Ni ba mai dogon karatu ba ne. Labarin aiki ɗaya kawai zan ba da, na ƙarshe da muka yi tare a ƙasar Rogo.

Malam Haladu maigidana ne. A wurinsa na koyi aiki, daga baya muka zama abokan aiki, amma har ya rasu ban daina ce masa Maigida ba. Gajere ne, mai ƙatuwar murya. Abu ɗaya yake alfahari da shi a duniya: bai taɓa rataye abu a bango ya faɗo ba. Idan muka wuce wani gida a kan babur, sai ya nuna da haɓa ya ce, "Tankin can ni na ɗaura shi, tun kana goye."

Bayan Ƙaramar Sallah wani ɗan kasuwa mai suna Alhaji Isiyaku ya kira mu Gwangwan. Yana da shagon cajin waya da sayar da ruwan sanyi a jikin gidansu. Ya sayo batirin sola irin wanda ake ratayewa a bango, nauyinsa ya kai na buhun siminti. So yake a ɗaga shi sama, domin ruwa na shiga shagon da damina. Ƙarƙashin wurin kuwa benci ne, inda masu jiran caji ke zama tun safe har yamma.

Da muka shiga, abin da na fara lura da shi shi ne babu komai a jikin bangon. Agogo yana ƙasa, jingine da firji. Kalanda tana ƙasa. Madubi ma yana ƙasa, duk mai son ya ga fuskarsa sai ya durƙusa. Bangon kuwa ramuka ne ko'ina, kamar kaji sun yi kiwo a jikinsa.

Alhaji ya yi mana bayani. Tsohon bangon ƙasa ne ya faɗi a daminar da ta wuce, sai wani ɗan uwansa mai aikin gini a birni ya kawo masa ragowar wani irin bulo. Ya ce yana sa ɗaki sanyi, kuma gaskiya ne, shagon akwai sanyi.

Ga wanda bai san shi ba, wannan bulo fari ne, cikinsa duk ƙananan ramukan iska kamar soso. Mutum zai ɗauki babba da hannu ɗaya. Zarton kafinta yana yanka shi. Mutanen garin suna ce masa bulon burodi. A bulon da muka saba, huda rami ake yi, a cusa fisha, wato robar nan da ke kama sukuru, a ɗaure, shi ke nan. A wannan kuwa, idan ka ɗaure, robar ba ta samun abin da za ta tokara, sai ta niƙe gefen ramin ya zama gari.

Maigida bai yarda da maganar ba sai da ya gwada. Ya huda, ya sa fisha, ya ɗaure sukuru, ya ja da yatsu biyu. Sukurun ya biyo hannunsa da fisharsa da garinsa. Ya duba shi ya daɗe. Sai ya ɗauko ƙusar ƙarfe mai buɗewa a cikin rami, irin wadda muke sa wa kankare. Wannan ita ce ta fi ɓarna. Tana buɗewa ta fasa bulon, ta bar rami har ana hango haske ta wancan gefen.

Mutanen benci suka fara ba da shawara. Wani ya ce bangon bai nuna ba, a ba shi shekara. Wani ya ce a riƙa yayyafa masa ruwan gishiri. Wani dattijo ya ce shi dai a ganinsa a rataye bangon a jikin batirin, tun da batirin ya fi shi ƙarfi.

Maigida bai kula su ba. Ya ce mini, "Sabi'u, abin nan ba ya son a matsa masa. Raba masa nauyi za a yi." Akwai fisha mai manyan fikafikai da ake yi domin irin wannan bulo, akwai kuma wani gam da ake durawa a rami bayan an hure ƙurar. Waɗannan suna ɗaukar madubi ko ƙaramar kanta. Amma abu mai nauyin buhun siminti a kan mutane, ya ce bai yarda da su ba. Hanyar da ya zaɓa ita ce a huda bangon ya fita ta baya, ba tare da sa injin ya yi duka ba, kuma a tsakiyar bulo, ba a gefensa ba. A zura rodi mai zare guda huɗu. Ta baya a sa wa kowanne faffaɗan farantin ƙarfe, a ɗaure da noti. Farantin shi ke rungumar bangon, ya hana rodin zamewa.

Ya juya ya ce, "Alhaji, me ke bayan bangon nan?"

Alhaji ya sosa ƙeya. "Ɗakin Inna ne."

"To a yi mana iso."

"Maigida, ai tana takaba. Baba bai daɗe da rasuwa ba."

Muka yi masa gaisuwa. Maigida ya ce ba damuwa, Alhaji ya shiga da sifana da kansa, mu mu riƙe ta nan. Alhaji ya ƙara sosa ƙeya ya ce shi ɗan fari ne. Inna ba ta faɗin sunansa, ba ta yi masa magana kai tsaye, shi kuma tun da ya yi wayo bai taɓa wuce bakin ƙofar ɗakinta ba. Aka ce to matan gidan fa? Aka aika ciki. Amsa ta dawo cewa bangon nan a kan gadon marigayi yake, kuma babu mai taka gadon Malam sai ita.

Muna cikin haka sai muka ji murya daga ramin da ƙusa ta fasa.

"Wane ne yake huda mini ɗaki?"

Maigida ya durƙusa ya kai bakinsa ramin. "Inna, ina wuni? Ya ƙarin haƙuri? Allah ya jiƙan Malam."

"Amin. Kai mutumin ina ne?"

"Karaye, Inna."

"Bakano. Shi ya sa. Sai ɓarna."

Maigida ya ɗago ya dubi Alhaji. Alhaji ya ce a hankali, "Bazazzagiya ce. Aure ne ya kawo ta."

Na ga fuskar Maigida ta sauya. Ya koma ramin ya ce, "Ashe baiwata ce a ciki. To ga aiki na kawo miki."

Na ɗauka ya ɓata abu, domin mace mai takaba ba a yi mata wasa. Can sai muryar ta ce, "Bawa ya samu sifana, ya ɗauka sarauta ce. Miƙo aikin in gani."

Haka aka aika mata da faranti huɗu, da noti huɗu, da sifanar Maigida ta hannun matar Alhaji. Maigida ya yanko guntun bututun waya ya zura a ramin nan domin magana ta riƙa fita sosai. Mutanen benci suka sa masa suna wayar Inna.

Muka zura rodin farko. Ta sa faranti, ta ɗora noti, ta kama da sifana. Kunnenta ya ɗan yi nauyi, don haka Maigida ya buɗe murya.

"Inna, dama!"

"Me?"

"Dama! Dama nake cewa!"

"Yanzu?"

"Yanzu mana!"

Muka ji ta ajiye sifana. Muka jira. Muka yi ta jira. Maigida ya yi kira, ba amsa. Can sai ga matar Alhaji ta aiko da ƙwarya a rufe da faifai. Fura ce, an dama ta da nono.

Muryar ta dawo ramin. "Ga ta nan. Ban taɓa ganin ma'aikacin da ke neman fura tun bai yi aikin komai ba, sai Bakano."

Maigida ya sha furar, domin ba a mayar da ita. Sa'an nan ya gane cewa ko da ta ji shi daidai, ita da shi suna fuskantar juna ne, damarsa hagunta ce. Sai ya ce ta juya yadda take tuƙa tuwo. Ta ce na Kano ko na Zazzau? Ya ce akwai bambanci ne? Ta ce sosai ma, ku baibai kuke yi, shi ya sa naku ke gudaji. A ƙarshe suka daidaita a kan ta juya sifanar zuwa wajen ƙofa, idan ya ce "ya isa" ta tsaya. Wannan "ya isa" ɗin yana da muhimmanci. Idan aka ɗaure fiye da kima, farantin zai nutse cikin bulon.

Tana ɗaure na biyu ne muka ji ta yi dariya, gajeriya. Alhaji ya fita waje. Da na bi shi na same shi yana goge ido da hularsa. Ya ce, "Haka Baba yake tsokanarta. Tun da ya rasu ba a ga haƙorinta ba."

Noti uku suka ɗauru lafiya, biyu na ƙasa da ɗaya na sama. Muka zura rodi na huɗu, na sama ta hannun hagu. Maigida ya ce ta sa faranti. Ba ta sa ba. Ya sake faɗa.

"Wannan ba za a sa masa ba," in ji ta.

"Saboda me, Inna?"

"Na rataye rigar Malam."

Ashe tun da aka yi bangon nan ba ta samu inda za ta rataye komai ba. Rigar marigayi da hularsa suna kan gado a ninke. Rodin nan ya fito daidai inda ƙusarsa take a tsohon bango. Tana ganinsa ta mayar da rigar wurinta. Ta ce ba za ta sauke ba sai ranar da ta fita takaba. Ta aiko da farantin da notin aka dawo mana da su.

Maigida bai yi gardama ba. Ya zauna a kan benci yana juya notin a hannu. Idan muka ɗora batiri haka, kusurwar nan za ta riƙa jan rodin a hankali, tana cin bulon. Can ya tashi ya koma ramin.

"Inna, Malam yana da wani abu mai nauyi?"

"Akwai jakar duwatsun sikelinsa, na awon barkono."

"Rataya ta tare da rigar."

Ya juyo ya ce mini, "Bangon nan jaki ne. Mangala za mu yi masa." Wato nauyi ta can, nauyi ta nan, rodin ya cije a tsakiya. Muka ɗora batiri. Maigida ya ɗora abin awonsa a kai yana kallon ƙwayar ruwan, yana kira. "Ƙara ɗaya. Ƙara. A'a, rage ƙaramin." Ita kuma tana saka duwatsu tana cirewa, tana cewa Malam bai taɓa auna wa Bakano kaya bai yi ƙorafi ba. Har ƙwayar ta tsaya a tsakiya.

Ƙannena, wannan ba hanyar aiki ba ce, kada wani ya kwaikwaya. Maigida ma ya sani. Shi ya sa ya sa aka matsar da benci, kuma ya yarda, ransa ba ya so, na kafa gwafa a ƙarƙashin kusurwar. Ya ce a tsawon aikinsa bai taɓa barin gwafa a ƙarƙashin abin da ya rataye ba, abin kunya ne. Ya gaya wa Alhaji cewa ranar da Inna ta fita takaba zai zo da kansa ya ɗaure na huɗun, ya cire gwafar ya ba ta ta yi wuta da ita. Ya sa farantin da notin a aljihun rigarsa. Sifanar kuwa Inna ta ce ta riƙe ta jingina, don ta san halin Kanawa.

Daga nan duk lokacin da aiki ya kai mu wajen Rogo sai mun ratsa. Ya duba batiri, sa'an nan ya durƙusa a wayar Inna. Har saƙo take ba shi zuwa ga ɗanta. "Ka gaya wa mai shagon nan ya rage ƙarar rediyo." Alhaji yana tsaye a wurin, amma sai Maigida ya juya ya ce, "Alhaji, an ce ka rage rediyo." Alhaji ya ce, "A ce mata an rage."

Wata rana da rana muna aiki a Karaye Alhaji ya kira a gigice. Wani ya jingina keke da gwafar ta goce, kuma batirin ya karkata. Ashe maƙwabciya ce ta aiko aron babban dutsen sikelin za ta auna wani abu, Inna ta ciro ta bayar. Maigida ya ce to a gaya mata ta mayar mana. Alhaji ya ce shi ba zai iya ba. Mutanen benci sun yi magana ta ramin, ta ce ita mai takaba ce, ba ta magana da maza. Aka ce ai tana magana da Malam Haladu. Ta ce Bakano ba ya cikin mazan da ake jin kunya. Maigida ya ce a kara wayar a bakin bututun ya yi mata magana. Aka kara. Ta saurara ta ce muryar ta yi kama da tasa, amma ita ba ta karɓar umarni daga rediyo.

Haka muka hau babur tun daga Karaye. Muka tarar da maza uku sun tallafe batiri da kafaɗa, suna karɓa-karɓa, ɗaya yana amsa waya da ɗayan hannun. Alhaji yana tsaye, tsakaninsa da mahaifiyarsa bai wuce kaurin bulo ɗaya ba. Maigida ko hular kwano bai cire ba, ya durƙusa.

"Inna, mayar da dutsen."

"Ka zo? To." Aka aika aka karɓo, ta mayar. Batiri ya koma daidai. Na sake kafa gwafa, wannan karon na binne gindinta.

A hanyar dawowa ya ce mini, "Saura kaɗan ta fita. In ɗaure abin nan in huta." Allah bai nufe shi da ganin ranar ba. Bai yi wata doguwar jinya ba. Zazzaɓi ne na 'yan kwanaki.

Bayan an yi sadakar uku, ƙanensa ya kira ni gefe ya miƙo mini wani abu a ƙulle a leda. Ya ce a aljihun rigar aikinsa aka samu, ba su san na mene ne ba. Farantin ne da notin.

Sai da Inna ta fita takaba sa'an nan na iya zuwa. Alhaji ya riga ya ji, ya zo gaisuwa ma, amma bai iya gaya mata ba, matan gidan kuma kowace ta ce ba da bakinta ba. Na kashe babur a ƙofar shago. Babur ɗin Maigida ne, ta san ƙararsa. Kafin in durƙusa na ji ta.

"Bakano, ka makara. Na fita tuni. Ko tsoron ganin uwargijiyarka kake?"

Na ce, "Inna, Sabi'u ne. Ina kwana?"

"Lafiya. Ina shi?"

"Inna, Allah ya yi masa rasuwa."

Na ji salatinta a hankali. Ta yi masa addu'a, na amsa.

Ta ce, "Ban taɓa ganinsa ba. Dogo ne?"

"Gajere ne, Inna."

"Na sani. Dogo ba ya irin wannan ihun."

Na ce mata na zo da farantin, idan ta ba da izini in shiga in ɗaure, ba zan daɗe ba. Na ji motsinta, na ji ƙarar ƙarfe ya taɓa ƙarfe.

Ta ce, "Na rataye sifanarsa tare da rigar Malam. Ba yau ba, ɗan nan."

Na ce to. Na duba batiri, yana nan daidai. Na girgiza gwafa, ba ta motsa ba. Na roƙi Alhaji kada a mayar da benci wurin, ya ce ba za a mayar ba. Da zan tafi aka aiko mini da fura.

Abin da zan gaya wa ƙannenmu kaɗan ne. Kafin ku huda bango, ku san da me aka yi shi. Bango mai taushi ba a yi masa ƙarfi, kuma abu mai nauyi ba a amince wa fisha a kansa. Ku tambayi abin da ke bayan bangon, da wanda ke zaune a can, domin rabin aikin a hannunsa yake, kuma ba lallai ne abin da ya dame ku shi ya dame shi ba. Maigida ya fi kowa ƙin gwafa, amma ya bar ta a ƙarƙashin aikinsa saboda rigar mutumin da bai taɓa sani ba. Ban ji ya yi wa kowa ƙorafi a kan haka ba.

Na koma sau da yawa tun daga ranar. Kullum sai ta ce ba yau ba, ni kuma ban matsa ba. Gwafar tana nan. Farantin yana cikin jakata. Noti na huɗu har yau ba a ɗaure shi ba.